Kafin Ka Sa Kaki

Abba, barka da arziki. Mahaifinka ya zo mini da albishir cewa sunanka ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin ɗan sanda, kuma ba da jimawa ba za ka tafi horo. Allah ya sanya alheri, ya sa abincinka na halal yana ciki. Kakarka ta riga ta yi nata, ta yi guɗa, ta yi addu'a, daga baya kuma ta fashe da kuka wai mijinta zai riƙe bindiga. Ni kuwa da muke takarar mace ɗaya da kai, na san idan na zaunar da kai ba za ka bari in kai aya ba, sai ka mai da maganar wasan jika da kaka. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ka karanta a inda babu mai kallon fuskarka.

Na ji abin da kowa yake gaya maka a gida: ka ji tsoron Allah, kada ka ci hanci, kada ka taɓa marar laifi. Na kuma ji amsar da kake bayarwa, "Haba, ai kun san halina." Mun san shi, kuma ba mu da ƙorafi a kansa. Amma amsar nan ce ta sa ni ɗaukar biro. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai shekarun da na yi ina koyarwa a kwalejin horon malamai sun nuna mini karin maganar nan ba ta faɗi komai da komai ba. Na yaye yara masu sanyin hali waɗanda da aka ba su hedimasta sai na kasa gane su, na kuma yaye fitinannu waɗanda da aka ɗora musu nauyi suka zama dattawa tun kafin furfura. Abin da mutum yake aikatawa yau da gobe ya dogara ƙwarai a kan matsayin da aka ajiye shi, da sunan da ake kiransa da shi, da abin da na kusa da shi suka ɗauka ba komai ba ne.

Ba sai ka je nesa ba, dubi gidanku. Sunana aka sa maka, shi ya sa tun da aka yanka ragonka mahaifinka bai taɓa furta sunanka na yanka ba. Mahaifiyarka kuma har yau ba ta kiran sunan yayanku, in ta matsu sai ta ce "wannan yaron". Babu wanda ya zaunar da ita ya karanta mata doka, babu tarar da za a ci ta idan ta kira, amma harshenta ba zai ɗauka ba. Tana son ɗan farinta kamar kowace uwa, kunya ce ta tsara mata yadda za ta nuna son. Wata baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma kunyar ɗan fari tana cikin abubuwan da tsohuwar ta bayyana mata. Shekara saba'in da wani abu ke nan, ƙasa ta canza, mulki ya canza, amma mahaifiyarka tana yin abin da matan zamanin Baba suka yi ba tare da ta taɓa jin labarinta ba.

Haka idan aka naɗa wa mutum rawani. Wanda jiya kuke cin tsire tare a bakin titi, yau tafiyarsa ta yi nauyi, muryarsa ta yi ƙasa, ya ja amawali ya rufe baki, dariyarsa ma da awo. Kada ka ɗauka duk riya ce. Da farko kwaikwayo yake yi, yana tuna yadda ya ga wanda ya gada yana yi, amma bayan shekara biyu ko uku abin ya zama jikinsa, ko a cikin gida haka zai zauna. Mafi yawan wannan rahama ce. Da kowa zai tashi da safe ya ƙirƙiro yadda zai gai da surukinsa, ko yadda zai zauna a gidan makoki, da zaman tare ya gagara. Iyayenmu sun san da haka sarai, shi ya sa idan yaro ya fara ƙiriniya sai su yi masa aure ko su ɗora masa kula da rumfar kasuwa, su ce a ba shi girma zai riƙe. Sau da yawa kuma yana riƙewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙarfin da ke sa mutum ladabi ba tare da ya yi tunani ba, shi ne kuma ke sa shi zalunci ba tare da ya yi tunani ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa al'adun fadojin ƙasar Hausa da ya ƙi, a ciki har da gaisuwar da ake kai wa masu mulki don neman biyan buƙata, da zuba ƙasa a ka yayin gai da sarki. Ka tsaya ka yi tunanin bafaden wancan zamanin da yake karɓar gaisuwar nan. A ganinsa ba ɓarawo ba ne. Haka ya tarar, haka ubansa ya yi, wanda ya kawo ma ba ya ganin an cuce shi, da an ƙi karɓa ne zai ji an wulakanta shi. Sai da wani ya tsaya a waje ya kira abin da sunansa kafin mutane su ga cewa akwai abin gani.

Ni kuma na taso a zamanin En'e, lokacin 'yan doka, kafin a haɗe su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya a zamanin mulkin Gowon. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, magoya bayan Malam Aminu Kano sun sha kamu da bulala da ɗauri, sau da yawa a kan laifin da bai wuce taro babu izini ko maganar da aka ce rashin kunya ce ga hakimi ba. Waɗanda suke kamun ba daga wata duniya aka kawo su ba. 'Ya'yan talakawa ne, maƙwabta ne, sahu ɗaya ake tsayawa da su a masallaci, in an yi haihuwa a gidansu a je barka. Da safe su sa kayan sarki su ja dattijon da ya girme su, da yamma su tuɓe su koma 'ya'yan unguwa masu gaisuwa a tsugune. Tun ina yaro abin yake ɗaure mini kai, kuma sai da na fara koyar da ilimin halayyar ɗan Adam na tarar Turawa ma ya ɗaure musu kai har sun yi gwaje-gwaje a kansa.

A watan Agusta na 1971, wani malamin Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya a Amurka, Philip Zimbardo, ya mai da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na sashensu kurkukun wasa. Ya ba da talla a jarida, za a biya dala 15 a rana. Cikin waɗanda suka nema aka tace samari 24 masu lafiyar jiki da ta hankali, marasa tarihin laifi, aka jefa kwabo, wasu suka faɗa gandurobobi, wasu fursunoni. Gandurobobin aka ba su kaki da kulki da baƙin tabarau mai hana ganin ido. Fursunonin kuwa 'yan sandan garin na gaske ne suka je har gida suka kamo su, aka tuɓe su, aka sa musu wata riga kamar buje, aka ɗaura musu sarƙa a ƙafa, aka ba kowa lamba a madadin suna. An shirya mako biyu za a yi. A rana ta biyu fursunoni suka yi bore, gandurobobi suka murƙushe shi, daga nan abu ya lalace. Aka riƙa ta da su tsakar dare ana ƙirga su, ana ƙwace katifu, ana hana su zagayawa sai a bokiti, ana sa su wanke masai da hannu. Wasu fursunonin sai da aka sallame su tun kafin lokaci. Shi kansa Zimbardo, da ya naɗa kansa shugaban gidan yarin, ya daina ganin abin a matsayin malami mai bincike, ya koma mai tsaron kurkukunsa. Wata matashiyar malama, Christina Maslach, wadda daga baya ya aura, ita ce ta zo daga waje ta ga ana jan samari zuwa bayi da jaka a kansu, ta ce masa abin da yake yi wa yaran nan mugun abu ne. Aka tsayar a rana ta shida.

Shekara da shekaru haka muka koyar da labarin nan: ka sa wa mutumin kirki kaki, ka ba shi iko a kan wani, sai ya zama azzalumi. Labari ne mai daɗin faɗa a aji, kuma mai daɗin ji ga duk wanda ya yi zalunci, domin ya samu inda zai jingina laifi, ya ce rigar ce. Amma ba a nan maganar ta tsaya ba. A 2018 wani Bafaranshe, Thibault Le Texier, ya fitar da littafi bayan ya tone takardu da kasakasai na gwajin da ke ajiye a jami'ar. Ya nuna cewa ba a bar gandurobobin nan su kaɗai ba. Tun kafin a fara an yi musu bayanin irin tsoro da ƙuncin da ake so fursunoni su ji, kuma akwai kaset da aka ji mataimakin Zimbardo yana matsa wa wani ganduroba mai sanyi-sanyi cewa ya ƙara tsanani. Wanda ya fi kowa mugunta a cikinsu ya ce shi wasan kwaikwayo yake yi, yana ba masu binciken abin da ya ga suna so. Kuma da wasu malamai biyu, Alex Haslam da Stephen Reicher, suka yi makamancin gwajin a Ingila, BBC ta nuna a 2002, ba tare da kowa yana zuga gandurobobi ba, ba su zama azzalumai ba, kansu ma bai haɗu ba, har fursunoni suka fi ƙarfinsu.

Wasu sun ce tunda haka ne a jefar da gwajin Stanford gaba ɗaya. Ni a wurina sai yanzu ya yi amfani, kuma sai yanzu ya shafe ka. Kaki shi kaɗai bai sa kowa mugunta ba. Abin da ya sa su shi ne na sama ya nuna abin da yake so, ya yaba wa mai tsanani, ya harari mai sauƙi, ya kuma gamsar da su cewa aikin alheri suke yi, ilimi suke taimakawa. Sannan ka lura da wani abu da ba a cika faɗa ba. Ba dukan gandurobobin ne suka yi mugunta ba, kamar kashi ɗaya cikin uku ne. Wasu sun tsaya kan doka, wasu ma suna yi wa fursunoni alfarma a ɓoye. Amma cikin mutanen kirkin nan babu wanda ya tashi ya taka wa mugayen birki. Sun kau da kai, sun jira ƙarshen mako su karɓi kuɗinsu. Ba na jin tsoron ka zama mai duka, Abba. Tsorona ka zama mai riƙe ƙofa ana dukan.

Akwai wani gwajin da ya riga wannan, kuma na fi yarda da shi. A 1961, shekarar da ake shari'ar Adolf Eichmann a birnin Ƙudus, babban jami'in Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, wanda ya kare kansa da cewa umarni ya bi, Stanley Milgram na Jami'ar Yale ya gayyato mutanen gari, ma'aikatan gidan waya, malaman makaranta, leburori, 'yan kasuwa. Aka ce musu bincike ne a kan koyo da horo. Mutum zai zauna gaban wata na'ura mai makunnai 30, yana yi wa wani da ke ɗaure a ɗaki na gaba tambayoyi, duk sanda ya kuskure a sakar masa lantarki, kowane karo a ƙara, daga bolt 15 har 450, kusan ninki biyu na wutar da ke gidajenmu. Wutar ƙarya ce, wanda ke ɗauren ma ɗan wasa ne, amma mai danna makunnin bai sani ba. Yana jin ihu, yana jin roƙo, daga baya ya ji shiru. Idan ya juya yana so ya bari, sai wani mutum cikin rigar masu bincike ya ce masa a natse ya ci gaba. Likitocin ƙwaƙwalwa da Milgram ya tambaya sun yi hasashen da ƙyar a samu mutum ɗaya cikin dubu da zai kai ƙarshe. Cikin mutum 40, 26 suka kai.

Ba da daɗin rai suka yi ba. Suna gumi, suna rawar jiki, suna cije leɓe, suna tambayar wa zai ɗauki alhaki, in an ce musu mai binciken ne sai su juya su danna. Wannan tambayar ta wa zai ɗauki alhaki, ka riƙe ta, domin za ka ji ta a bakinka wata rana, kuma za a ba ka irin amsar da aka ba su.

Abin da ya sa na kawo maka Milgram shi ne bai tsaya a gwaji ɗaya ba, ya yi ta juya shi. Da mai ba da umarnin ya fita daga ɗakin ya koma magana ta tarho, masu kai wa ƙarshe suka ragu zuwa wajen ɗaya cikin biyar. Da aka zaunar da mutum tare da wasu biyu da aka shirya su ƙi ci gaba a tsakiya, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Irin mutanen nan ne dai, na'urar nan ce, umarnin nan ne. Abin da ya canza kawai shi ne sun ga wani ya ce a'a kuma sama ba ta faɗo ba. Ba wahayi ba ne waɗannan gwaje-gwajen, mutanen Amurka ne na wani zamani a cikin ɗaki, kuma masana suna ta gardama a kansu har gobe. Amma wannan ɓangaren ya dace da abin da idona ya gani a ɗakin malamai da taron unguwa da rabon gado: mutane da yawa suna zaune da gaskiya a ciki, kowa yana jiran wani ya fara.

To ga inda maganar ta dawo kanka. A makarantar horo za a koya maka doka da fareti da riƙon bindiga. Ranar da aka tura ka caji ofis na farko za a fara koya maka wani karatun, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba, kuma malamansa kofur da saje ne da suka daɗe a wurin. Babu wanda zai ce maka zo mu yi zalunci. Za a fita da kai shingen hanya, ka ga direba ya miƙo hannu a dunƙule tun kafin a tambaye shi, domin shi ma nasa karatun ke nan, haka ya tarar. Da yamma a miƙo maka rabonka, ba yawa, kuɗin mai da abinci. Idan ka yi turus za a yi dariya a ce sabon shiga ne, zai waye. Wanda zai miƙo maka ɗin mai yiwuwa shi ne ya ba ka wurin kwana ranar da ka iso, shi ya nuna maka mai abinci mai sauƙi, kuma albashinsa da gaske ba ya kai shi ƙarshen wata. Ƙin karɓa daga hannunsa zai yi maka kama da butulci. Rabon farkon nan shi ne mai wuya, kuma shi ne mai tsada, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da za a shiga da wani ɗaki a rufe ƙofa, bakinka ya riga ya mutu.

Ba na ce ka je ka zama mai wa'azi a bariki ba. Kurtun da ya iso jiya yana gyara wa sufeto zama ba ya daɗewa, kuma sau da yawa girman kai ne yake sanye da rigar tsoron Allah. Ka gai da na gaba da kai, ka yi aikin da aka sa ka da kyau fiye da kowa, ka zama wanda ba ya makara, wanda rahotonsa ba ya buƙatar gyara. Idan aka miƙo, ka ce na gode, ni dai na yi wa iyayena alkawari, ka bar shi a nan ba tare da ka kalli kowa a wulakance ba. Za a yi maka ba'a wata ɗaya ko biyu, daga nan a san ka da haka, a daina miƙowa. Matsayi ke nan ka yi wa kanka, kuma shi ma zai riƙe ka kamar yadda na banza yake riƙe mai shi.

Sannan ka buɗe ido ka nemi mutum ɗaya. A kowane ofis akwai shi, wani lokaci tsohon saje ne da aka daɗe ba a ƙara wa girma ba, wani lokaci mace ce a teburin ƙorafi. Ba lallai addininku ko yarenku ya zo ɗaya ba, kada ka tsaya duba wannan. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a wurin aiki ba kai ke zaɓen waɗanda za a haɗa ku a mota ba, amma kai ke zaɓen wanda za ka ci abinci da shi.

Ka san doka kuma, domin tana bayanka fiye da yadda za a nuna maka. Tsarin Mulkin 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, wato ba a ɗauke uwa don ɗanta ya gudu, ta kuma hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, kuma ta faɗa ƙarara cewa umarnin na gaba ba hujja ba ne. Amsar da aka ba mutanen Milgram ke nan dokar ƙasarka ta soke tun kafin ka sa kaki. Ka ga abin da ya faru da rundunar 'yan sanda ta SARS. A watan Yuni na 2020 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoton azabtarwa da cin zarafi da kisa har 82 da ta tattara tsakanin 2017 da 2020, a watan Oktoba matasa suka cika tituna, ranar 11 ga watan aka rushe rundunar. Ban yarda cewa duk wanda ya shiga cikinta mugu ne tun daga gida ba. Wuri ne da aka bari wani irin hali ya zama shi ne aiki, sabo ya zo ya tarar, ya ɗauka.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai ranar da a'a take da tsada. A kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, wani ƙaramin sojan Amurka, Joe Darby, shi ya miƙa wa masu bincike hotunan cin zarafin fursunoni a watan Janairun 2004. Da sunansa ya fito, mutanen garinsu da yawa suka ɗauke shi maci amana, sai da aka kwashe shi da matarsa aka ɓoye su. Ba na yi maka fatan irin wannan jarrabawar, kuma yawancin masu kaki har su yi ritaya ba ta zo musu. Abin da zai zo maka ƙanana ne, kullum. Za ka ji ana kiran mutane da "mai laifi" tun kafin alƙali ya gan su, ana cewa "farar hula" da wata murya kamar ba daga cikinsu aka fito ba. Kai ka tambayi mutum sunansa, ka kira shi da shi. Tsoho ka ce masa baba ko da ankwa a hannunsa. Mutanen Stanford da gangan suka musanya suna da lamba, sun san hannu ya fi saurin tashi a kan wanda ba shi da suna.

Wani matsin kuma daga wajenmu zai zo, mu 'yan gida, kuma ya fi na bariki wuyar turewa. Daga ranar da aka gan ka da kaki ka zama "ɗanmu ɗan sanda". Kawunka zai ce ka raka shi wurin wanda ya riƙe masa kuɗi, ba sai ka yi magana ba, a dai gan ka. Wata gwaggo za ta zo da kuka cewa an kama ɗanta, ka je ka yi yadda za ka yi. Waɗanda suka fi kowa zagin 'yan sanda a majalisa su ne za su fara cewa ba ka da zumunci. Ka je ka duba yaron, ka tabbatar ba a taɓa shi ba, ka gaya musu beli kyauta ne, ka nuna musu hanyar lauya. Wannan zumunci ne. Abin da ya wuce haka ka ce ba za ka iya ba, ko da ni ne na aiko, kuma na gaya wa mahaifinka haka a gaban kawunnanka.

Kada duk wannan ya sa ka tafi da sanyin gwiwa. Kakin nan zai sa ka yi abubuwan da Abban da muka sani ba zai iya ba. Za a ji harbi kowa ya gudu, kai ka nufi wurin. Za ka ɗauki wanda mota ta buge alhali masu wucewa suna ɗaukar hoto. 'Yan'uwanka da yawa sun kwanta dama a dazukan Zamfara da Katsina da garuruwan Borno suna tsaron mutanen da ba su san su ba, kuma matsayin ne ya tsayar da su a inda wani zai juya. In Allah ya ja kwana kuma za ka sa igiya a hannu, wata rana wani kurtu zai iso da jakarsa yana satar kallonka don ya ga yadda ake yi a nan.

Idan ka samu hutu, ka tuɓe kayan ka zo gida a matsayin Abba, ka zauna da abokanka na makarantar allo waɗanda ba sa jin nauyin gaya maka ka canza. Ranar da aka tura ka wurin aiki kuma ka kira ni. Ba albashi zan tambaye ka ba, zan tambaye ka wane ne babba a wurin, yaya yake magana da direbobi, kuma da wa kake cin abinci. Ka tanadi amsa. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.